Abin da Ke Cin Lambun Gwaggo

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma tun da na buɗe ido na san ta, aikinta guga. A ɗakin wanki na wani otal take, can ƙasa bayan kicin, ɗakin da babu taga sai wata tsohuwar fanka mai kuka kamar akuya. Zannuwan gado, rigunan filo, fararen rigunan masu girki, duk ta hannunta suke bi. Za ta dubi tabo a jikin zane ta gaya maka ko na shayi ne, ko na jan-baki, ko na tsatsar wayar shanya, ta kuma san abin da ke fitar da kowanne. Bayan hannunta na dama duk ƙananan tabon ƙuna ne. Muna yara in muka tambaye ta, sai ta ce lambobin yabo ne da otal ya ba ta. Da ƙafafunta suka fara kumbura saboda tsayuwa, ta ajiye aikin ta dawo gida da niyyar ta huta.

Mijinta kuwa kowa Mai Famfo yake ce masa, don gyaran famfo da bututu ce sana'arsa. Ni Baba nake ce masa, ita kuma Malam. Mutum ne mai surutu, wanda in ya zo gyara maka famfo sai ka san tarihin famfon tun daga masana'anta. Amma inda ransa yake shi ne lambu. Bayan katangar rukunin gidajensu akwai wani dogon fili da ya bi gefen layin dogo, an yanka shi ƙanana-ƙanana an raba wa mutanen unguwar. Kowa ya kewaye nasa da abin da ya samu, wani waya, wani tsofaffin tayoyi, wani har da murfin firij. Tanki ɗaya ne a tsakiya kowa ke ɗiba. Dokar wurin kuma a fili take: wanda ya bar nasa ciyawa ta cinye, kwamiti ya karɓe ya ba wani, don masu jira suna da yawa.

Gwaggo ba ta taɓa damuwa da lambun nan ba. A kwando ta san tumatir da kabeji, wankakku, Baba ya kawo ya dire a ƙofar kicin. In ya ce ta zo ta ga yadda latas ya yi kyau, sai ta ce, "Ni da na ƙare rayuwata a tsaye a kan zane, yanzu kuma in koma duƙe a kan ƙasa? Ka gaishe shi."

Wata safiya Baba yana ɗaure kan famfon tankin sai ya sulale ya zauna a cikin laka. Maƙwabcin lambunsa, wani tsohon ɗan sanda da ake kira Kofur, shi ya gan shi ya nemo mota. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, ya dawo gida a keken marasa lafiya, hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki. Abin da ya fi komai taɓa mu shi ne bakinsa. Mutumin da ba ya gajiya da magana, kalma biyu ta rage masa, "to" da "a'a", su ma ba su da tabbas. Sai ka miƙa masa ruwa ya ce a'a alhali yana miƙo hannu. Likita ta ce yana jin duk abin da ake faɗa, yana kuma ganewa, hanyar fitar maganar ce ta toshe. Rubutu ma aka gwada da hannun hagu, sai zane ya fito wanda ba ya karantuwa.

Ba a jima ba shugaban kwamiti ya zo dubiya. Ya yi addu'a, ya sha ruwa, sannan a bakin ƙofa ya sassauta murya ya ce da Gwaggo ba wai yana gaggawa ba ne, amma ciyawa ta fara ƙetare waya, mutane kuma sun fara magana. Baba na falo, ya ji. Ya shiga bugun hannun kekensa da tafin hagu har sai da Gwaggo ta dawo ta riƙe hannun.

Washegari ta ɗauki fartanyarsa, ta sa takalmin robarsa da ya fi ƙafarta girma, ta tafi.

Ni direban motar kai kaya ne, gidana ba nisa, don haka nakan biya in duba su. Abin da zan faɗa wani na gani, wani ita ta ba ni labari muna zaune tana matsa wa Baba ƙafa.

Da farko share wurin ta yi, irin sharar mai guga, ba ta bar komai ba sai abin da ta tabbata ana ci. Ta sayo dashen kabeji da tumatir a wajen wani mai sayarwa a bakin titi, ta jera su layi-layi kamar an ja da zare. Kofur ya leƙo ta saman waya ya ce, "Hajiya, ko faretin da muka yi a barikin horo bai kai wannan miƙewa ba." Ta ji daɗi, har ta zo gida ta faɗa wa Baba. Ya ce a'a, yana murmushi da rabin baki.

Sai kabeji ya fara huda. Ƙananan ramuka ne da farko, sannan ganyen ya koma kamar raga. Kofur ya ce katantanwa ce, ta duba ƙasa za ta ga sawunta yana ƙyalli. Ta duba, babu. Wata mata mai lambu a can ƙarshe ta ce fara ce. Wani ya ce tsuntsaye. Gwaggo ta tsinko ganye ɗaya ta sa a leda ta kai wa Baba. Ya karɓa da hannun hagu, ya ɗora a cinyarsa, ya juya bayan ganyen, ya sa farce ya nuna. Sai da ta sa tabarau sannan ta gani: wata 'yar tsutsa koriya, launinta ɗaya da ganyen, ta lafe a jikin jijiyarsa.

"Wannan 'yar abar ce ta yi mini wannan aikin?"

Ya ce, "To."

Ta koma ta riƙa bin ganye ɗaya-ɗaya tana tsince su tana zubawa a gwangwanin ruwan sabulu. Bayanta ya riƙe, amma kabejin ya ɗan farfaɗo. Daga nan ta ɗauka ta samu hanya. Duk abin da ya shige mata duhu sai ta sa a leda ta kawo gida, Malam ya duba.

Hanyar ba ta yi nisa ba. Ta dasa barkono, kullum da safe sai ta tarar da wasu a kwance, an datse su daga gindi kamar da almakashi, ganyen lafiya lau ba a ci ba. Wace dabba ce za ta yanke abu ta bar shi? Zuciyarta ta ba ta mutum ne. Ta fara kallon masu jiran fili da wani ido, har Kofur ta daina amsa wa gaisuwa da sakin fuska, don ta ji an ce surukinsa na neman wuri. Ta kai wa Baba yankakken barkonon. Ya duba, ya ajiye, ya shiga kankare saman teburin da ke gabansa da yatsa.

"Datti ne? Bari in goge."

Ya ce to. Ta goge. Ya ci gaba da kankara.

"Ƙaiƙayi kake ji? In yanke maka farce?"

Ya ture hannunta, ya kankari teburin da ƙarfi har kofi ya faɗi. Daga baya ya juya fuska bango, bai ci abincin rana ba. Ita ma ta shiga kicin ta zauna a kan buhu ta yi tagumi.

Sai da barkonon ya kusa ƙarewa ta gano, shi ma ba da niyya ba. Tana tono gindin wanda ya faɗi don ta maye gurbinsa, sai ga wata tsutsa mai ruwan toka, ƙatuwa, ta naɗe kamar zobe a cikin ƙasa. Ta tona gindin na kusa, ta sake samun wata. Ta ce mini a wurin ta zauna dirshan, don sai a lokacin ta gane abin da yake cewa da yatsa: tona. Ta je ta ba Kofur haƙuri, shi bai ma san an yi fushi da shi ba.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya sami tumatir. Ya tashi da kyau, ya yi fure, ya fara 'ya'ya. Sai ta lura da rana tsaka ganyen yana yin laushi ya rataya, in yamma ta yi ya miƙe. Ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa. Kofur ya ce ruwan ya yi yawa, ta rage. Tsiron ya tsaya cak, ba ya gaba, 'ya'yan suka ƙi girma. Ta juya kowane ganye, babu tsutsa. Ta tona gefen gindi, babu komai. Aka ce gara ce, ta zuba toka. Aka ce taki ne ya ƙone shi, ita kuwa ba ta ma sa mai yawa ba. Autarsu da ke aiki a wani gari ta ce a ɗauki hoto a turo mata, wayarta za ta gane cutar. Na ɗauka na tura. Wayar ta kawo sunaye daban-daban, kowanne da maganinsa, har da wanda ya ce shukar lafiyarta ƙalau.

Mai shagon maganin ƙwari bai ko kalli ganyen da kyau ba, ya ɗauko kwalba ya ce wannan ba abin da ba ya kashewa. Ta ari injin feshi, ta goya, ta fesa har kanta ya sara. Abin da ya mutu ƙudan zuma ne da wasu jajayen ƙwari masu ɗigo-ɗigo, waɗanda daga baya aka ce mata ma su ne masu cinye miyagun. Tumatir ya ci gaba da abin da yake yi.

Kullum tana kawo wa Baba leda. Ta kawo ganye, ya ture. Ta kawo reshe, ya ture. Ta kawo ɗan tumatirin da ya ƙanƙance, ya ture, yana nuna ƙasa da yatsa.

"Na tona, Malam. Wallahi na tona, babu tsutsa."

"A'a."

"A'a ban tona ba, ko a'a ba tsutsa ba ce?"

"To."

"Ƙasar ce ba kyau? In kawo maka ƙasar?"

Ta kawo masa ƙasa a gwangwani. Ta zuba masa a tafin hagu, ya murza, ya ɗago ya kalle ta. Ta ce mini ba fushi ne a idonsa ba, irin kallon mutumin da ke bayan gilashi ne, yana ganin ka kana shirin taka rami, ba ya iya kiran ka.

Rannan na shigo da yamma Gwaggo ta ce mini, "Dogo, gobe in kana da sarari ka kawo motar nan. Tunda ba zan iya kawo masa lambun ba, zan kai shi."

Na ce, "Gwaggo, hanyar nan keke ba zai bi ba."

"Ka dai kawo motar."

Mota ta kai mu bakin katanga, daga nan sai 'yar siririyar hanya mai yashi. Tayar keken ta nutse tun kafin mu yi nisa. Kofur ya taho, muka ɗaga keken da Baba a ciki, shi a gefe ni a gefe, Gwaggo na biye da hularsa a hannu. Kofur yana haki yana cewa, "Mai Famfo, ashe ciwon nan bai rage maka nauyi ba. Hajiya na ciyar da kai da yawa." Masu lambu suka bar abin da suke yi suka zo gaisuwa. Baba bai kula kowa ba, idonsa na kan filinsa.

Muka sauke shi a bakin layin tumatir. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi kusurwar da ke kusa da waya, ya dubi tsakanin layukan, kamar mai neman wani abu da ya ajiye. Sannan ya miƙa hannun hagu ya damƙi tsiron da ya fi kusa, ya ja. Ba shi da ƙarfin tuge shi. Gwaggo ta ce, "Malam, yana da 'ya'ya fa." Ya ci gaba da ja. Sai ta sa hannunta a kan nasa suka tuge tare.

Saiwar ce. Maimakon siraran jijiyoyi, duk ta yi ƙulu-ƙulu, kumburi a kan kumburi kamar yatsun mai ciwon gaɓoɓi, wasu wuraren har sun fara ruɓewa. Gwaggo ta yi ta tona gefen shuka tana neman abin da ke motsi, bai taɓa zuwa mata ta tuge mai rai ta ga ƙarƙashinsa ba. Muka tuge na biyu, haka. Na uku ma haka.

Ta durƙusa a gabansa da saiwar a hannu. "To mun gani. Mene ne maganinsa?"

Ya buɗe baki. Kofur ya cire hula. Wani sauti ya fito daga bakin Baba wanda ba kalma ba ne. Ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya shafi iska daga farkon layin zuwa ƙarshensa, ya saki hannun ya faɗi a cinya. Ko cewa yake a tuge duka, ko an riga an yi asara, ko wani abu ne daban, ba wanda ya sani. Hawaye ya biyo gefen fuskarsa da ba ya motsi. Gwaggo ta sa gefen mayafinta ta share, ta ce rana ta yi zafi, mu mayar da shi.

Na kai saiwar ofishin malaman gona. Wata matashiya ta karɓa, ta duba da kyau, ba ta yi mini gaggawa ba. Ta ce ga dukkan alama wasu tsutsotsi ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su, a cikin ƙasa suke zaune su shiga saiwa su hana ta shan ruwa. Feshin ganye ba ya kai musu. Abin yi shi ne a tuge a ƙone, a daina sa tumatir da barkono da danginsu a wurin na wasu shekaru, a juya ƙasar rana ta gasa ta. Na tambaye ta daga ina suka zo. Ta ce mai yiwuwa da dashen da aka sayo, mai yiwuwa kuma dama suna nan, mai wurin ne ya san yadda yake lallaɓa su. Ta ce wasu na canza wa shuka wuri duk shekara, wasu na dasa wani fure mai ruwan ɗorawa, mai wari, a tsakanin layuka.

Na maimaita wa Gwaggo wannan. Sai ta ce dā akwai furen nan a lambun, da yawa ma, ita ta share shi ranar farko, ta ɗauka ado ne. Na ce malamar ba ta ce tabbas shi ne ba. Ta ce ta ji. Ta leƙa falo inda Baba ke gyangyaɗi, ta ce, "Kuma ko na tambaye shi, in ya ce to ban san ko to ɗin ba ne."

Ta tuge tumatirin duka, ta tara a gefen layin dogo ta cinna wuta. Rabin filin ta sallama wa kwamiti da bakinta, don gwiwoyinta ba za su iya duka ba, surukin Kofur ya samu. A rabin da ya rage ta sa albasa, saboda an ce ita abin bai cika damunta ba. Albasar ta fito, ta yi kore shar, sannan ganyenta ya fara yin wani zane-zane fari kamar an shafa masa azurfa, bakinsa ya bushe. Wannan karon ba ta tambayi kowa ba. Ta tuge ɗaya ta duba saiwa, lafiya. Ta buɗe tsakanin ganyen, ta ga kamar wani abu ya gilma, ƙanƙani kamar ƙurar barkono, kafin ta gyara tabarau ya ɓace.

A lokacin jikin Baba ya ƙara yin sanyi. Barci ya yi masa yawa, in an sa masa abu a cinya sai ya bar shi ya zame. Likita ta canza magani, ta ce a ci gaba da motsa masa gaɓoɓi. Albasar da aka samu ba ta wuce girman babban yatsa ba, Gwaggo ta ce ko ba komai ba sai an sha wahalar yankawa ba.

Kwanan baya na biya ta lambun in ɗauko ta, don ranar kai Baba asibiti ce. Na same ta tsaye a kan wurin da ta juya ta bar wa rana. Wani abu ya haƙa ramuka a ciki, sababbi, ƙasar a tule a baki. Kofur na daga bayan waya yana cewa burgu ne, ya san aikinsa. Matar can ta ƙarshe ta ce ai karen mai gadi ne, ta gan shi yana yawo. Gwaggo ta sa ƙafa ta tura ƙasa a cikin rami ɗaya, ta dubi sauran.

Na ce, "In samo tarko?"

Ta ce, "Tarkon me za ka samo, alhali ba mu san wa za mu kama ba?"

Ta jingine fartanya a jikin waya, ta wanke hannu a bakin tanki, ta dafa kafaɗata saboda gwiwar. Muka kama hanyar mota a hankali, tana tuna mini in mun fito daga asibiti mu tsaya a sayi sabulu.